Kawu Mai Wasiƙu da Mutumin Liba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa da ke Jega Magaji, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Sai bayan sadakar arba'in na iya zama in rubuta wannan, don na lura mutane sun fara cewa "Allah ya jiƙan mai wasiƙu" su wuce abinsu, kamar dai wasiƙun ne kaɗai mutumin.

Ranar da ya rasu mahauta ba su ƙarasa sayar da namansu ba, suka rufe rumfa suka taho. Babbansu, tsoho ne da bai taɓa shiga aji ba, ya zauna bakin zaure yana share ido da hannun riga. Da na durƙusa na gaishe shi sai ya kama hannuna ya ce, "Jarida dai ana ci gaba da kawo ta. Amma wa za shi zauna ya karanta muna, ya tsaya ya ce nan gaskiya sunka hwaɗi, nan ƙarya ce?"

Direbobin albasa na Aliero sun jera motocinsu gefen titi suka shigo da ƙafa. Wasu tsofaffin mata daga Fagada sun zo da gero cikin ƙwarya, suka wuce ɗakin Iya, matar Kawu, suka wuni ba wadda ta ce komai sai addu'a. Har wani tsohon kansila ya zo, wanda Kawu ya taɓa sa shi gaba a jarida kan rijiyar da aka ce an haƙa alhali ba a haƙa ba. Ya yi gaisuwa, ya daɗe zaune, da zai tashi ya ce wa na kusa da shi, "Ya wahalshe ni, wallahi. Amma bai taɓa zagin ubana ba, kuma ranar da ɗana ya rasu shi na hwara gani ƙohwar gidana."

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka gaban mutane ba. Da aka watse ta ce mini, "Tun muna ƙanana ba shi iya ganin abu ya kau da kai. Baba ya buge shi kan haka, malamai sunka buge shi, soja sunka kira shi. Sai yau ya yi shiru." Daga nan ta juya ta fuskanci bango.

Kawu malamin gona ne tun zamanin da muke ƙarƙashin Sakkwato. Ya aje aiki kafin a yanke mana jiha, ya koma noman albasa a fadamarsa ta wajen Aliero. Ranar da aka yi shelar sabuwar jiha gari ya ruɗe da murna, 'yan babur na ta zagaye, mata na guɗa. Shi kuwa yana kan tabarma da rediyonsa. Ya ce, "Da in an cuce mu mukan ce Sakkwato ta yi nisa, ba su ji. To ga Birnin Kebbi nan, mota guda. Mu ga abin da za mu hwaɗi kuma."

Bayan la'asar yake rubutu, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ba shi da tebur. Farantin tuwo yake kifewa kan gwiwa ya ɗora takarda, ya sa kabon a ƙasa don ya rage kwafi. In ya gama, Iya yake fara karanta wa, tana tsintar shinkafa ko gyaran kuɓewa. Iya ba ta yi boko ba, kuma ba ta jin nauyinsa a wannan fage. Takan ce, "Malam, wagga magana ta yi tsawo, na ɓace." Sai ya soke layin. Yakan ce in Iya ba ta gane ba, gwamna ma ba zai gane ba. Washegari ya tafi gidan waya ya manna kan sarki, ya aika wa jaridar Hausa. Da yawa ba a buga su ba. In aka buga ɗaya, sai ya naɗe jaridar a hammata ya nufi rumfar mahauta, ya karanta musu tasa da ta sauran mutane, a yi ta gardama har magariba.

Lokacin mulkin soja ne, mutane na tsoro. Masu rubutu da yawa sukan ɓuya bayan "Mai Kishin Ƙasa" ko "Naku Talaka." Kawu cikakken sunansa yake sawa, da unguwarsa. Inna ta sha roƙonsa ya daina. Amsarsa ɗaya ce kullum: wanda bai iya sa sunansa ƙarƙashin maganarsa ba, shi ma bai gama yarda da ita ba. Sau ɗaya aka kira shi Birnin Kebbi, bayan ya yi rubutu kan hanyar da ke lalata wa manoma albasa kafin ta kai kasuwa. Sun aje shi kan benci tun safe har la'asar. Da ya dawo gida ya cika da 'yan jaje, shi kuwa cewa ya yi, "Sun ba ni ruwan sanyi. Sunka tambaye ni wa ke sa ni rubutu. Na ce musu albasata ce da ta ruɓe cikin mota."

Matan Fagada kuwa, dalilin zuwansu ta'aziyya shi ne wata damina da ruwa ya yanke hanyar ƙauyen. Wata mai naƙuda ta cika a kan keken shanu, ana neman inda za a tsallaka da ita zuwa asibiti. Kawu bai san su ba. A kasuwa ya ji labari, ya hau kekensa ya tafi, ya zauna da uwar marigayiyar ta ba shi labari da bakinta. Ya rubuta, aka buga, ya sake rubutawa. Sai bayan damina biyu aka sa kwalbati a wurin. Da mutane suka ce aikinsa ne, ya ce su bar wannan magana, kwalbati bai maido wa tsohuwa ɗiyarta ba.

In na tsaya nan na yi masa yabo, amma ban faɗi Kawu ba. Akwai abin da ya shiga tsakanina da shi, kuma akwai mutumin Liba.

Ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi da aka yi jiha. Akawu nake a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Mu uku muke kwana ɗaki ɗaya, fayiloli a ƙasa don ba kabad, amma ina alfahari da aikin, ga mata da jariri na baro a Jega. Wata Asabar na zo gida, muna cin tuwo da Kawu da rana, sai bakina ya suɓuce. Na gaya masa takin da aka ware wa manoman yankin Maiyama daga sito yake fita ya faɗa kasuwa, takardu kuma suna nuna an raba. Ina gamawa na ji tsoro. Na ce, "Kawu, wannan tsakanina da kai ne."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai gutsuri tuwo ya ce, "Uhm." Ni kuwa na ɗauka alkawari ne.

Bayan mako uku wasiƙar Kawu kan takin ta fito a jarida. Bai ambace ni ba, amma akwai abubuwan da sai na cikin ofis zai sani. A ƙarshenta ya rubuta cewa buhu ba ya tafiya da kansa, a tambayi mai riƙe da makullin siton Maiyama. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina aka ce ba kawunka ne ba, na ce shi ne, amma ban gaya masa komai ba. Ƙarya na yi, har yau ina jin kunyarta. Ba su yarda ba, ba su kuma kore ni ba, sai suka jefa ni Maiyama, siton da ake magana a kai. Mai siton aka kore shi, ya kwana uku hannun 'yan sanda aka sake shi. Manya ba wanda aka taɓa. Sai dai a wannan damina taki ya kai hannun manoma, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Na je gidan Kawu raina a ɓace, ban ko zauna ba.

Na ce, "Kawu, amana na ba ka."

Ya ce, "Amanar wa? Takin naka ne?"

"Aikina fa? Iyalina fa?"

"Aikinka na nan, wuri anka canza maka. Damina in ta wuce manomi ba ta dawowa."

Sai na faɗi abin da bai kamata ɗa ya gaya wa yayan uwarsa ba. Na ce, "Kai dai sunanka kake son gani cikin jarida." Ya dube ni, sannan ya mai da kai kan takardarsa. Iya na bakin murhu, ta ce, "Subhanallahi." Na fita. Fiye da shekara ban taka gidan ba. Ranar Salla daga filin idi nake gaishe shi in zame. Inna ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta gaji ta bar ni da Allah.

A Maiyama, wata rana ina kwashe tarkacen tsohuwar durowa don ɓeraye sun dame mu, na tarar da wasu takardu uku a ninke. Kwafin wasiƙu ne da korarren mai siton ya rubuta wa na gaba da shi, tun watanni kafin wasiƙar Kawu. Yana kai ƙara cewa motoci na zuwa da umarni daga sama suna kwasar taki, shi bai san inda ake kai shi ba, kuma ba zai sa hannu cewa an raba wa manoma ba. A ta ukun har roƙo yake a turo mai bincike. Ashe mutumin da aka kora shi kaɗai ne ya ƙi. Da ma neman hanyar rabuwa da shi ake yi, jarida ta ba su.

Zan faɗi gaskiya tunda wanda nake magana a kansa ba ya son kwana-kwana. Ba don a wanke mai sito na ɗauki takardun na nufi Jega ba. So nake in ga Kawu ya sunkuyar da kai.

Na same shi ƙarƙashin darbejiya. Na yi sallama, na aje takardun kan tabarma. Ya sa tabarau ya karanta su duka, ya koma farko ya sake. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Kai ka ce min mai sito ne?"

Na ce, "Ban ce ba. Cewa na yi daga sito ake fitarwa."

"Haka ne," in ji shi. "Ni na ƙara." Ya sunkuyar da kai. Abin da na zo nema na gani, amma ban ji daɗin da na zata ba. Ya tambaye ni inda mutumin yake, na ce na ji ya koma garinsu, Liba. Ya ce, "Gobe da sahe ka kai ni."

Mun sami mai siton a Liba yana yaɓen rumbu, ƙafafunsa duk laka. Mutum ne siriri, Kawu ya girme shi da kusan shekara goma sha biyar. A hanya wani makwabcinsa ya riga ya gaya mana cewa a da shi ke jan salla a masallacin unguwarsu, amma tun da aka fara kiransa ɓarawon taki ya koma sahun baya da kansa. Kawu ya yi sallama, ya faɗi sunansa, sannan ya durƙusa a ƙasa gaban ƙaninsa na haihuwa. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai kakata.

Ya ce, "Ni na rubuta abin da ya raba ka da aikinka. Ban sani ba na rubuta. Na zo ka yahe min."

Mutumin ya wanke hannu a hankali. Ya ce, "Na san sunanka. A tasha anka karanta, ina tsaye. Malam, daga Jega zuwa Maiyama nisan mi gare shi? Ka zo ka tambaye ni?"

"Ban zo ba."

"To."

Ya shiga gida ya kawo mana ruwa a kwanon sha, ya shimfiɗa tabarma. Muka zauna. Da Kawu ya sake roƙonsa, sai ya miƙe ya ce, "Ku gai da gida." Ya koma kan rumbunsa.

Muka kama hanya muka koma Jega. A ranar ya rubuta wasiƙar warware maganarsa. Ba a buga ba. Ya sake aikawa, shiru, ya kuma aikawa. Laifin wani yana da daɗin bugawa, wankewarsa ba ta sayar da jarida. Ƙarshe ya shiga motar haya, tsoho da ciwon baya, ya yi tafiyar wuni guda zuwa ofishin jaridar, ya zauna ƙofar edita ya ce ba zai tashi ba. Suka buga ta, 'yar ƙarama a gindin shafi. Na haddace farkonta: "Ni ne na ce a tambayi mai makullin siton Maiyama. Na zalunce shi. Ban je na gani ba, ban tambaye shi ba. Shi ne ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, ni kuma na taya maƙaryata korarsa."

Ya san ba kowa zai gan ta ba, don haka ya ɗauki jaridar ya bi da ita. Ya karanta a rumfar mahauta, ya karanta a tashar Maiyama, ya je Liba ranar Juma'a ya nemi izinin liman ya karanta bayan an sallame. Wasu abokansa sun ce ya zubar da girmansa, daga yau wa zai yarda da rubutunsa. Ya ce in don ba ya kuskure ake yarda da shi, gara a daina. Ya rubuta wa ofishinmu a mai da mutumin bakin aikinsa, ko amsa ba a ba shi ba. Aikin bai dawo ba.

Kusan damina guda farantin bai hau gwiwarsa ba. Da ya koma rubutu, ya koma da wata sabuwar ɗabi'a. Ko wa ya kawo masa labari, ko da kuka ya zo, sai ya ce, "Bari in tahi in gani." Wasiƙunsa suka ragu, takalmansa suka riƙa saurin cinyewa. Kuma duk shekara in an ɗebe albasa, sai ya ɗaura buhu ɗaya a motar Maiyama ya tafi Liba. Su zauna da mutumin kan tabarma, su yi zancen ruwa da tsutsar gero da tsadar shanu. In zai tashi ya ce, "Ina dai roƙo." Mutumin ya ce, "Ku gai da gida." Shekara shida ana haka. Na taɓa ce masa ya isa, ai ya yi iyakar nasa. Ya ce, "Ba ni ke yanke ya isa ba."

Ni da shi ba mu yi wani zaman sulhu ba. Ranar da muka dawo daga Liba ya turo mini kwanon tuwo na sa hannu, shi ke nan. Maganar amana ba ta sake tashi ba sai a jinyarsa. Ran nan da safe na shiga gaishe shi, ya rame ƙwarai, Iya na ba shi kunu da cokali. Ya ce ta ba mu wuri.

Ya ce, "Zancen taki gaskiya ne. Ko yau sai in rubuta shi. Amma ka ce min tsakanina da kai, na yi shiru na bar ka ka ɗauka na yarda. Kamata ya yi in hwaɗa maka a idonka za ni rubutawa. Wannan shirun ka yahe min."

Na ce na yafe. Na ce shi ma ya yafe mini abin da na faɗa, cewa sunansa yake son gani a jarida. Sai ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ai akwai gaskiya ciki. In na buɗe na ga sunan nan, daɗi nike ji. Shi ya sa maganar ta yi min zahi."

Ya huta, sannan ya ce, "Bana ban samu zuwa Liba ba. Ka tahi ka ce mai ina roƙo."

Na ce to. Na bar saƙon sai ƙarshen mako mai zuwa, don aiki ya yi mini yawa kuma na ga kamar ya ji sauƙi. Bayan kwana huɗu ya rasu. Wannan jinkirin nawa ne, ba wanda zan ɗora wa.

Bayan sadakar uku na tafi Liba. Na sami mutumin a gona yana sassabe. Labari bai kai gare shi ba. Yana hango ni ni kaɗai ya tsaya, ya dubi bayana kamar mai jiran wani ya ɓullo. Na gaya masa. Ya aje gatari ya zauna kan kunya, ya yi salati. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, na kuma gaya masa tun yana da rai ya aiko ni, ni na makara.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Tun ranar da ya tsaya cikin masallaci ya karanta takardar nan na yahe mai. Wallahi tun ranar."

Na ce, "To, Baba, me ya hana ka gaya masa?"

Ya goge fuska da tafin hannu. Ya ce, "Da hwarko zuciya ce, ina son ya ɗanɗana kaɗan. Daga baya kuma... ka gani, tun da anka kore ni, waɗanda munka yi aiki tare shekara ashirin ba wanda ya tako garin ga. Shi kaɗai ke zuwa. Sai na ji tsoro in na ce na yahe, ya gama abin da ke kawo shi."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce in jira shi ya sa takalmi. Muka shiga mota tare zuwa Jega. Bai tsaya zaure ba, ya ce in kai shi maƙabarta. Na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya durƙusa daga wajen kai, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce da ƙarfi, yadda ake yi wa tsohon da kunnensa ya yi nauyi, "Malam, ni ne na Liba. Na yahe. Na yahe duniya da lahira."

Allah ya isar masa da ita. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya ba Iya da Inna haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya sa mu faɗi abin da ke bakinmu tun masu ji suna ji. Amin.